Gefen taya ya ɓantare kuma ya kumbura: faci ko canji?

Direban tasi, Ojota:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya ce ga masu sana'ar taya da makanikai. Corolla ce, taya 195/65 R15 91H, ta gaba hannun dama. Gefenta ya gogi bakin kwata, roba ta ɓantare kamar faɗin farcen babban yatsa, kuma kusa da wurin akwai ɗan kumburi kamar rabin ƙwai. Iska ba ta fita, zanen tafinta, wato fuskar da ke taka ƙasa, ma da sauransa sosai. Wani ya ce facin wuta zai riƙe, wani ya ce a sa tub, wani ya ce a cire ta. Wanne ne daidai?

Bakanike, Idi-Araba:
Wa alaikumus salam. Malam direba, abu biyu ka faɗa, kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne. Ɓantarewar roba ana iya dubawa a ga zurfinta. Kumburin kuwa ba shi da gyara. Ka cire tayar yau, ka ɗaura safaya.

Roba ba ita ke riƙe nauyin mota ba. Iska ce ke ɗauka, zaren da ke cikin roba kuma shi ke tsare iskar. A taya radiyal, wadda harafin R na lambarka ke nufi, zaren yana tasowa daga leɓen da ke zaune kan rim, ya haura gefe, ya ratsa ƙarƙashin tafi, ya sauka ɗaya leɓen. Ɗamarar waya ta ƙarfe tana ƙarƙashin tafi kaɗai, ba ta sauko gefe ba. Ka duba ƙananan rubutun jikin tayarka, yawanci za ka ga an jera abin da aka yi ta da shi: tafi yana da poliyesta da ƙarfe hawa biyu, wani lokaci da nailan, gefe kuwa poliyesta hawa ɗaya ko biyu, shi ke nan. Lokacin da taya ta daki bakin kwata ko ta faɗa rami, gefen yana matsewa tsakanin rim da siminti, zare ya tsinke daga ciki. Iska ta samu wurin da babu mai tare ta, sai ta turo roba waje. Kumburin da kake gani kenan.

Mai faci, Agege:
Oga bakanike, maganar kumburi na yarda da kai, babu mai facin kirki da zai taɓa shi. Amma kada a haɗa komai a kwando ɗaya. Ba kowane rauni a gefe ke kashe taya ba, kuma mutane na jefar da tayoyi masu kyau saboda tsoro.

Ga yadda ake duba ɓantarewa. A wanke wurin da ruwa, a ɗaga leɓen robar da yatsa ko da abu marar kaifi, a haska tocila. Idan baƙar roba kawai ake gani har ƙasan raunin, babu zare fari ko ruwan ƙasa, to fatar waje ce ta tafi. A zuba ruwan sabulu a jira minti biyu, in babu kumfa iska ba ta fita. A shafa tafin hannu a zagaye gefen duka, na waje da na ciki wajen shoka, a ji ko akwai tudu. In duk wannan lafiya, a datse robar da ke lilo ko a manne ta da gam don kada ta ci gaba da yagewa, a riƙa duba wurin duk mako. Wasu tayoyin ma an yi musu kauri na musamman kusa da rim don kare shi daga gogar bakin titi, in nan ne aka ɓantara yawanci babu abin da ya samu zare.

Kuma akwai abin da ke ruɗa mutane: ɗan loɓawa ciki, layi a tsaye daga rim zuwa tafi. Wannan mahaɗar zare ce tun daga masana'anta, inda hawa ya ɗoru kan hawa, wurin ya fi sauran tauri shi ya sa bai buɗe kamar su ba. Loɓawa ciki ba matsala. Turowa waje ita ce matsala.

Direban tasi, Ojota:
Na gode. To facin wuta fa? Ana cewa in an gasa da kyau roba tana komawa ɗaya.

Mai faci, Agege:
Roba tana komawa ɗaya, gaskiya ne. Ana kankare wurin, a cika da ɗanyar roba, a manna faci daga ciki, a matse da ƙarfe mai zafi har ta nuna. Iska za ta tsaya. In ƙaramar huda ce a gefe, kamar ta ƙaya ko siririyar waya, ni ina ganin ga motar da ba ta fita cikin unguwa, Agege zuwa Ogba a cikin cunkoso, tana iya kai mutum wani lokaci in an mayar da ita baya.

Injiniya, Ikeja:
Baba mai faci, a nan kam ban bi ka ba, da girmamawa. Wuta tana haɗa roba da roba, ba ta ƙulla zaren da ya tsinke. Tsayar da iska daban, dawo da ƙarfin taya daban.

A yi lissafi da tayar da ake magana a kai. 195/65 R15 zagayenta kusan mita 2 ne, wato tana juyawa kusan sau 500 a kowace kilomita. Duk juyi ɗaya, gefen yana lanƙwasa in ya zo ƙasa, ya miƙe in ya tashi. A gudun kilomita 100 a awa, sau 14 kenan a daƙiƙa ɗaya. Gadar Third Mainland mai tsawon kilomita 11.8, kafin ka sauka gefen ya lanƙwasa kusan sau 5,900. Legas zuwa Ibadan ya haura sau 60,000. Wanda zai tafi Kano hutun salla, kusan rabin miliyan. Faci ya fi robar da ke kewaye da shi tauri, don haka duk lanƙwasar tana taruwa a bakinsa. Wurin ya yi zafi, gam ya saki ta gefe, zaren da ke maƙwabtaka da raunin su ɗauki nauyin waɗanda suka tsinke, su ma su fara tsinkewa ɗaya bayan ɗaya. Tafi ba haka yake ba, ɗamarar waya ta riƙe shi a shimfiɗe, shi ya sa faci ke zama a can.

Sannan fashewar gefe ba irin ta ƙusa ba ce da iska ke tsiyaya a hankali. Tana tafiya gaba ɗaya cikin ƙiftawar ido. Maganar a mayar da ita baya kuma, in ta baya ta fashe a kan gudu gindin mota ne ke juyawa, kuma sitiyari ba ya iko da ƙafafun baya. Motar tasi ba ta da tabbacin zama cikin unguwa: fasinja ɗaya ya ce Lekki ko filin jirgi, an hau babban titi.

Mai faci, Agege:
Injiniya, lissafinka daidai ne, ban musa ba. Amma ka san halin da ake ciki. Mutum ya zo da taya, kuɗin sabuwa ya kai abin da yake samu a kwanaki, in ka ce ba ka yi zai matsa gaba wani ya yi masa da guntun tub da solushon. Gara wanda ya san aikin ya yi, ya kuma faɗa masa iyakarta.

Injiniya, Ikeja:
Na fahimci wannan, Baba, kuma ba raina talauci nake ba. Sai dai wanda aka faɗa wa iyaka shi kaɗai ya ji, fasinjan da ke baya bai ji ba, haka mai babur da ke gefensa a titin Ikorodu. Ƙa'idar da masu ƙera taya na Amurka suka fitar da ta Ingila mai lamba BS AU 159 duka sun taƙaita ƙaramin gyara a tafi: huda da ba ta wuce milimita 6 ba, a tsakiyar tafi, ba a kafaɗa ba, ba a gefe ba. Hanya mai sauƙi ta ganewa: in ƙusa ta shiga tsakanin manyan kwaruruwan zane na dama da na hagu, ana gyarawa. In ta wuce kwarin ƙarshe ta nufi kafaɗa, a nan bakin ɗamarar waya yake, wurin da ya fi ko'ina zafi da motsi, a bar ta.

Mai tayoyin manyan motoci, Ijora:
Bari in sa baki, domin a wajenmu ana gyara gefe, kuma na san daga nan ne mutane ke ɗauko hujja. Tayar tirela irin 315/80 R22.5 ko 12R22.5 gangar jikinta waya ce ta ƙarfe daga leɓe zuwa leɓe, an yi ta don a sake mata tafi, kuɗinta kuma ya kai a ɓata awanni a kanta. Gyaran da ake yi mata ba facin bakin titi ba ne. Ana fafe raunin kamar mazurari, a yanke duk wayar da ta lalace ko ta yi tsatsa har a kai ga lafiyayya, a auna tsawon raunin da faɗinsa, a duba jadawalin masu yin faci irin su Rema Tip Top ko Tech a ga ko ya shiga iyaka da lambar facin da ya dace. Facin yana da nasa zaren a ciki, da kibiya a jikinsa da dole ta kalli leɓen taya don zarensa ya bi layin na tayar. A cika ramin da ɗanyar roba, a gasa da na'ura mai auna zafi da matsi, lokacin gashin kuma gwargwadon kaurin robar ne. In raunin ya kusa leɓe, babu gyara ko da wane irin faci. Kuma mai hankali ba ya sa irin wannan taya a gaban mota inda sitiyari yake, sai ƙafafun baya na bodi.

Tayar ƙaramar mota gefenta siriri ne, babu naman da za a fafe, kuma tana gudun da tirela ba ta yi. Kada a kwatanta.

Gargaɗi ga yara masu koyon aiki: tayar babbar mota da aka taka ba iska, wayar gefenta ta gaji ko da ido bai gani ba. Wajen sake hura ta zuwa fam 100 ko 120 a ma'aunin iska tana iya tsagewa a zagaye kamar an zuge zif. A hura cikin keji, da dogon tiyo, kada kowa ya tsaya saitin gefenta. In an ji tana ƙas-ƙas, a saki iskar nan take.

Direban tasi, Ojota:
Saura maganar tub. Tunda tub ne zai riƙe iska, ina matsalar?

Bakanike, Idi-Araba:
Tub balan-balan ne, Malam, ba shi da zare ko ɗaya. Duk inda taya ta buɗe masa, nan zai bi. In gefe ya tsage, tub zai cusa kansa cikin tsagar, ita kuma tana buɗewa tana rufewa duk juyi, ta tsunkule shi har ya fashe. In kumburi ne, tub ɗin zai cika kumburin ya ci gaba da tura shi. Ƙari a kan haka, cikin taya tubles, wadda aka yi don aiki ba tub, yana da layuka masu tudu da ke goge tub, gogar ta ƙara zafi. Wasu na sa guntun tsohuwar taya tsakanin tub da tsaga, wannan yana ɓata balansin, sitiyari ya riƙa rawa, zaren kuma yana nan a tsinke. Dabara ce ta fitar da mota daga daji zuwa gari a hankali, ba ta aiki ba.

Hajiya mai kula da motocin kamfani, Apapa:
Sannunku da ƙoƙari. Ina so in ƙara abin da ba a taɓo ba, domin sau da yawa ƙusa tana tsakiyar tafi, wurin da ake gyarawa, amma gefe ya riga ya mutu. Direba ya ga taya ta yi ƙasa a cikin cunkoso, ya ce bari in lallaɓa zuwa wurin mai faci. Tafiya kaɗan ba iska ta isa rim ya niƙe gefen daga ciki. Shi ya sa igiyar robar nan da ake cusawa daga waje ba tare da cire taya ba ba ta isa gyara ba, ba don ba ta tsayar da iska ba, sai don babu wanda ya leƙa ciki. Dole a sauke taya daga rim. In an ga garin baƙar roba a ciki kamar garin gawayi, ko fatar ciki ta yamutse, ko wani zobe mai duhu ya zagaye gefen daga waje har rubutun ya goge, taya ta gama aiki ko da hudar ƙarama ce.

Gyaran tafi na gaskiya kuma haka yake: a cire ƙusa, a gyara ramin da ɗan ƙarfen huda bisa yadda ƙusar ta shiga, a kankare fatar ciki daidai faɗin faci ba tare da an kai ga zare ba, a share ƙura, a shafa solushon a bari ya bushe sosai, a zura faci mai wutsiya daga ciki, wutsiyar ta cike ramin don ruwa kada ya kai ga waya ta yi tsatsa, a murje facin daga tsakiya zuwa baki, a datse wutsiyar daga waje. A Legas da ruwa ke kwanciya a titi duk damina, cike ramin nan ba ƙaramin abu ba ne. Faci biyu kuma kada su hau juna.

Mai faci, Agege:
Hajiya ta faɗi gaskiya. Gaggawar masu mota ce ke sa a manna faci solushon bai bushe ba, kwana biyu ya saki.

Direban tasi, Ojota:
To na haƙura da ita. Amma in sabuwa ta gagara, tokumbo fa, tsohuwar da aka shigo da ita daga waje? Kuma ɗaya zan saya ko biyu?

Mai shagon taya, Mushin:
Ɗan'uwa, in da hali sabuwa ko da ba babban suna ba ce. Tun da Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ta daina yin taya a Ikeja a 2008, kusan duk abin da ke kasuwa daga waje yake, mai kyau da marar kyau. Tsofaffin tayoyi suna cikin kayan da kwastan ta hana shigowa da su, amma kowa ya san suna nan. Hukumar SON mai kula da ingancin kaya kuma ta sha yin gargaɗi kan tayoyin da ake cusa wata cikin wata a kwantena don rage kuɗin dako, wannan yana lanƙwasa wayar leɓe ya raunata gefe, har a sababbi.

Duk wadda za ka saya, ka duba waɗannan da idonka kafin a ɗaura. Lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT da ke gefen taya, masu nuna lokacin ƙira: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, misali 2322 mako na 23 ne na 2022. In wurin ya yi kama da an kankare ko an sake bugawa, ka ajiye ta. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC tana wa'azin shekara 4 daga ranar ƙira, su kuma kamfanoni irin Michelin suna cewa a riƙa kai ta dubawa duk shekara bayan 5, kada ta wuce 10 ko da zanenta na nan. Da zafin nan da ramukanmu, ka tsaya kusa da ƙaramar lambar. Ka juya cikinta ga haske, ka nemi tsohon faci a gefe ko kafaɗa, ka shafa hannu. Ka danna gefen ya lanƙwasa, in ƙananan tsagu sun buɗe kamar faso, rana da shekaru sun cinye ta. Ka duba leɓen duka biyu babu yanka ko karkacewa. In ka ga hoton dutse mai kololuwa uku da alamar ƙanƙara a ciki, yawanci tayar sanyin Turai ce, robarta laushi gare ta, kwaltar Legas za ta cinye ta da wuri.

Lambar 91H kada ka sauka ƙasa da ita: 91 na nufin kilo 615 kowace taya, H kuma kilomita 210 a awa. Masu bas su nemi mai harafin C, kamar 195 R15C, kada su sa tayar ƙaramar mota a motar da ke ɗaukar mutum goma sha huɗu da kaya, gefenta ba zai jure ba.

Injiniya, Ikeja:
Kan ɗaya ko biyu: a auna zurfin zanen abokiyar zamanta ta hagu. Sabuwa tana zuwa da kusan milimita 7 zuwa 8, iyakar ƙarshe 1.6, inda ɗan tudun da ke cikin kwarin zane ya yi daidai da tafi. In ta hagun ba ta ci sosai ba, ɗaya ta isa, girma ɗaya, zai fi kyau iri ɗaya. In ta ci rabi, a sayi biyu, sababbin su koma baya, na bayan su dawo gaba. Na san direbobi da yawa ba su yarda da wannan ba, suna cewa gaba ce ke ja ke birki. Amma a jiƙaƙƙen titi, in gaba ta zame ana ji a sitiyari a sassauta, in baya ta zame mota ta riga ta juya. Masu mota mai jan ƙafa huɗu kullum su duba littafin motarsu, domin bambancin girman tayoyi yana wahalar da giya.

Bakanike, Idi-Araba:
Kada a manta da rim. Dukan da ya tsinka zare ya isa ya lanƙwasa bakin rim na ƙarfe ko ya tsaga na alminiyam ta ciki. A ɗora shi kan injin balansin a juya a gani kafin a sa sabuwar taya, a canza bawul, a duba tayarod da bol-join na wannan ɓangaren, a yi alaimen in mota ta fara ja gefe. Notocin Corolla ana ɗaure su Nm 103 a ma'aunin ƙarfin ɗauri, a tsallake-tsallake kamar tauraro, ba a hau kan sifana da ƙafa ba.

Iska kuma a bi takardar da ke manne a jikin ƙofar direba, yawanci tsakanin fam 30 da 35 ga irin wannan mota, a auna da safe taya na sanyi. Lambar 44 ko 51 da ke jikin taya iyakar iskar da za ta iya ɗauka ce, ba abin da za a hura ba. Taya mai ƙarancin iska ita ta fi saurin matsewa a bakin rami, ita kuma ta fi zafi a gefe. Masu cire rim 15 su sa 17 don ado su sani: gefen 195/65 tsayinsa kusan milimita 127 ne, na 215/45 bai kai 97 ba, wato an rage abin da ke tsakanin rim da bakin rami da santimita 3.

Hajiya mai kula da motocin kamfani, Apapa:
Malam direba, kafin ka ɗaura safaya ka auna iskarta, ita ma ka duba shekararta. In siririyar nan ce ta wucin gadi, fam 60 take so, kuma ba a wuce kilomita 80 a awa da ita, ba ta ɗaukar fasinja yini guda ba ce.

Mai faci, Agege:
In an cire mai kumburin, ka sa a yanka gefenta da wuƙa a gabanka kafin ka bar ta. In ka bar ta lafiya, wani zai ɗauka, ya juya kumburin ciki wajen shoka inda ido ba ya kaiwa, ya sayar wa wani.

Direban tasi, Ojota:
Allah ya saka da alheri. Ta hagun 2021 ce kuma zanenta ya kai rabi, don haka biyu zan nema. Oga na Mushin, 195/65 R15 mai 91V za ta zauna a madadin 91H?

Mai shagon taya, Mushin:
Za ta zauna. V kilomita 240 ce, ta fi H, hawa sama babu laifi. T ce mai 190 kada ka karɓa. In tayar tana da kibiya a gefe, ka tabbatar an ɗaura ta kibiyar na bin yadda taya ke juyawa in mota na tafiya gaba, a kowane ɓangare.